Mu da Wa Munka Yi Rikici? Sunayen Ranar Tsanani a Tarihin Ƙasar Gwandu da Kabi

A daminar shekarar da na kammala digiri, wata rana na tsaya a tashar Jega ina jiran motar da za ta kai ni gida Liba. Kusa da ni wani dattijo na zaune a kan ƙullin tabarma, bayansa mata biyu da yara huɗu, da tukunya ɗaya da aka ɗaure bakinta da tsumma. Muka gaisa. Ya ce daga gabas suka fito, can wajen iyakar Zamfara, za su wurin wani ɗan ƙanensa. Ni kuwa da zaƙin bakin sabon ɗan boko sai na ce, “Baba, rikicin nan ne ya koro ku?” Ya dube ni har na tsargu, sannan ya ce, “Ɗana, rikici sai da abokin yi. Mu da wa munka yi shi? Kwance muke, anka zo anka tashe mu.”

Shekara huɗu na yi ina karatun Hausa a jami'a, amma ban taɓa tsayawa na auna kalmar rikici ba sai ran nan. Tushenta ɗaya da rikita da rikicewa, wato abu ya cakuɗe har a kasa gane kansa da gindinsa, kamar zaren da yara suka yi wasa da shi. In an ce ana rikici, mai sauraro yakan ƙaddara ɓangare biyu, kowa da hujjarsa, kowa kuma da nasa laifin. Shi ya sa maganin rikici sulhu ne: a zaunar da su, kowa ya sassauta. To wanda aka tasa daga barci aka ƙona masa rumbu, me zai sassauta? Da na kira abin da ya same shi rikici, na ɗora masa rabin laifi ke nan ban sani ba, shi kuwa ya ji nauyin nan take.

Kalmar Turancin da 'yan jarida suka fi fassarawa da rikici asalinta Girkanci ne, kuma can ma'anarta yanke hukunci. Likitocin Girka na dā suna kiran ranar da ciwo ke juyawa da ita, ranar da za a san majinyaci tashi zai yi ko tafiya. Hausa ba ta tara wannan ma'ana a kalma guda ba. Ta watsa ta cikin kalmomi da yawa, kowacce da inda take dacewa: fitina, tawaye, bore, basasa, tarzoma, yamutsi, annoba, masifa, waƙi'a, ta-ɓaci. Abin da nake so in nuna, da tarihin ƙasar da na tashi a cikinta, shi ne magabatanmu ba su ɗauki waɗannan kalmomi a matsayin ado ba. Sunan da aka ba rana shi ke faɗin abin da ya wajaba a yi a cikinta, wani lokaci ma shi ke raba wanda za a bari da ransa da wanda za a sayar a kasuwa.

Ba sai na yi nisa ba wajen neman misali, domin Gimbana tana nan ƙasar Jega. A zamanin Sarkin Gobir Nafata aka yi shelar dokokin da suka ƙuntata wa jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, kada wanda bai gāji Musulunci ba ya shige shi, maza su bar naɗa rawani, mata su bar lulluɓi. Wani almajirin Shehu, Malam Abdussalami, Ba'are ne, ya kwashi mutanensa ya bar ƙasar Gobir ya zauna Gimbana. Da Yunfa ya hau gadon sarauta ya nemi ya komo, ya ƙi. A ƙarshen 1803, cikin watan azumi, rundunar Gobir ta auka wa garin, ta kashe na kashewa, ta ɗaure saura. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka tare hanya suka kwance su. Yunfa ya aiko wa Shehu cewa ya fita daga cikin jama'arsa, shi da iyalinsa kaɗai. Shehu ya ƙi rabuwa da su, kuma a watan Fabrairu na 1804 suka tashi gaba ɗaya zuwa Gudu.

A nan ne kalma ta yi aikinta. A idon fadar Alƙalawa, talakawan da suka kwace bayin sarki a kan hanya suka kuma bar ƙasa ba da izini ba, tawaye suka yi, hukuncin ɗan tawaye kuwa sananne ne. Jama'a ba su karɓi wannan suna ba, ba su kuma ce gudu suka yi ba, ko da yake wurin da suka sauka sunansa Gudu, abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Suka ce hijira. Mai gudu tsoro ne ya kore shi, ba wanda ke binsa bashin komai, shi ma ba ya bin kowa. Mai hijira kuwa umarni yake cikawa, yana taka sawun abin da ya faru tsakanin Makka da Madina, kuma kowane almajiri ya san abin da ke biyo bayan hijira: a naɗa shugaba, a yi masa mubaya'a, a kare kai. Haka aka yi. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi, a watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto. Shehu ya ɗauki kalmar da muhimmanci har ya rubuta littafi sukutum a kan wajabcinta, Bayan Wujub al-Hijra, wanda ya kammala a 1806. Da a ce mutanen nan sun yarda cewa gudu suka yi, da wuya makiyayi da manomi da malami su tsaya sahu ɗaya a gaban dawakin Gobir.

Yau mun haɗe kalmomin nan biyu da su suka raba, muna cewa ɗan gudun hijira. A cikin wannan haɗi gudun ne ya rinjayi hijirar. Ɗan gudun hijira na zamaninmu mutum ne da ake rubuta sunansa a takarda a ba shi shinkafa da bargo, ba wanda ke tsammanin ya naɗa shugaba ko ya koma ya karɓi garinsa. Dattijon tashar Jega, a harshen rediyo, ɗan gudun hijira ne.

Labarin Abdussalami bai ƙare a Gimbana ba, kuma sauransa ya fi ciwo. Bayan an ci nasara aka raba ƙasa, sai rabonsa ya zama Sabiyal, wadda ke ƙasar Aliero a yau, yanki ƙarami in an gwada da abin da wasu suka samu. Ya ga an rage masa, shi da aka fara zubar da jinin mutanensa. Daga baya aka matso da shi kusa da Sakkwato, ya zauna Kware. Da Shehu ya rasu a 1817 Muhammadu Bello ya gaje shi, Abdussalami ya janye biyayya, ya buɗe ƙofa ga waɗanda daular ke yaƙi da su, wasiƙu suka yi ta kai da komo tsakaninsa da Bello yana ƙorafin rabo da zaluncin wasu masu riƙe da ƙasa. Mutumin da aka yi hijira saboda abin da aka yi masa, ga shi yanzu ana neman sunan da za a ba abin da shi ya yi.

Neman sunan nan ba wasa ba ne, domin fiƙihu ya bambanta masu ɗaukar makami. Akwai bāgī, Musulmin da ya fita daga ɗa'ar shugaba bisa wani tawili nasa. Ana yaƙarsa har ya komo, amma ba a bautar da shi ko iyalinsa, dukiyarsa kuma ba ganima ba ce. Akwai ɗan fashi mai tare hanya, da nasa hukuncin. Akwai kuma wanda aka yanke cewa ya yi ridda, shi kuwa kariyar da bāgī ke da ita ba ta kai gare shi. Hausa takan ce musu duka 'yan tawaye, amma alƙali ba ya iya tsayawa a nan. Bello ya tafi a kan cewa haɗa kai da abokan gāban Musulmi ya fitar da Abdussalami daga sahun bāgī, ya kuma rubuta hujjojinsa a littafin Sard al-Kalam. Sananne ne kuma cewa Malam Abdullahi na Gwandu, tun kafin wannan rana, ya fi kaffa-kaffa a mas'alar: a ganinsa taimakon abokan gāba saɓo ne babba, amma ba kowane lokaci yake kai mutum ga kafirci ba. Ba ni da ilimin da zan shiga tsakanin waɗannan manya biyu. Abin da ya dame ni shi ne mata da yaran da ke cikin ganuwar Kware, waɗanda makomarsu ta rataya a kan wace kalma ce za ta yi rinjaye a zauren malamai. Aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818.

Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi, har Bello ya taso daga Sakkwato ya kawo masa gudummawa. A nan ne baffa da ɗan wansa suka shirya bayan 'yar tsamar da ta shiga tsakaninsu kan gadon Shehu, Abdullahi ya yi wa Bello mubaya'a. Sai kuma aka yi abin da nake ganin ya fi yaƙin hikima: aka karɓi biyayyar Buhari ɗan Abdussalami, aka bar shi ya kafa gari, wajen 1820. Garin nan shi ne Jega, mutanensa Gimbanawa, kuma kafin ƙarnin ya ƙare kasuwarsa ta shiga sahun manyan kasuwannin yammacin daular. Tashar da na tsaya ina yi wa dattijo tambayar wauta, jikokin waɗanda aka taɓa kira 'yan tawaye ne suka share filinta.

Tawaye kalma ce ta mai mulki, wanda aka yi wa ita ba ya kiran kansa da ita. A 1849 Yakubu Nabame, ɗan Sarkin Kabi Sama'ila Karari, ya ɗaga tuta a Argungu bayan ya yi shekaru a hannun Sakkwato. A littattafan Gwandu da Sakkwato tawaye ne da cin amana. Ka je Argungu ka faɗi haka, za a gaya maka Kabi ta Kanta ce ta karɓi abinta. Yaƙin ya ci shekaru da rayuka, har da Sarkin Gwandu Haliru wanda ya faɗi a fagen fama a 1860. Abin sha'awa, da aka gaji aka yi sulhu a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wajen 1867, mutane ba su kira shi amana ko yarjejeniya ba. Suka ce Lafiyar Toga. Ƙasa ce ta yi ciwo ta sami sauƙi, irin sauƙin da ake cewa a lallaɓa kada ciwo ya dawo. Ya kuwa dawo bayan kimanin shekara takwas, ba a kuma rufe babin ba sosai sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin kamun kifi.

Yaƙin Argungu ne ma ya haifa wa Hausa wata kalmar, ta bayan gida. A harin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Argungu a farkon shekarun 1890, wanda bai yi nasara ba, Tukur ɗan Sarkin Kano Bello ya nuna jarunta, Sarkin Musulmi ya riƙe masa wannan. Da Bello ya rasu a 1893 sai ya naɗa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita Takai bayan Yusufu, Kano ta dāre biyu har aka kashe Tukur a 1895, Aliyu Babba ya tabbata a gado. Wannan shi ne Basasa. Masana na danganta kalmar da yaƙin Basus na Larabawan jahiliyya, inda ƙabilu biyu 'yan uwa suka shekara arba'in suna kashe juna a kan taguwa. Basasa ba ta da bare a cikinta, shi ya sa da aka yi yaƙin 1967 zuwa 1970 Hausawa suka ɗauko ta suka ɗora masa. Kiran yaƙin Biyafara basasa, ko an lura ko ba a lura ba, amincewa ne cewa wanda ake harbi ɗan gida ne.

Fitina kuwa ta fi su duka santsi. A Larabci asalinta narka zinariya a wuta don a raba ta da gurɓi, daga nan ta zama jarrabawa, ta zama tashin hankalin da ke raba kan al'umma. Da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya sake ɗauko kalmar 1804, ya ce hijira, ya nufi gabas, dubban talakawa suka bi shi har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli. Waziri Buhari ya tsaya, ya nemi shawarar malamai, ya rubuta wasiƙa yana bayyana cewa lalura ce ta sa aka sassauta wa mai ƙarfi don a tsare addini da rayukan jama'a. Hijira da lalura, duka biyun daga littafi ɗaya aka ciro su, kuma kowacce ta ja mutane zuwa makoma dabam. Shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1906, talakawan Satiru suka tashi da gatura da fartanya suka karya rundunar Turawa. Su a wurinsu jihadi ne na zamanin Mahadi. A wurin fada fitina ce, kuma da zarar an ce fitina, kashe ta ya zama lada. A watan Maris aka shafe garin, ba a sake zama a cikinsa ba. Guguwar ta taɓo mu, domin a shekarar aka tuɓe Sarkin Gwandu bisa zargin ya karkata ga mutanen Satiru. A gida kuwa kalmar ta yi laushi har uwa na ce wa ɗanta mai ƙiriniya fitinanne tana dariya.

Duk waɗannan kalmomin malamai ne da sarakuna. Talaka yana da nasa, kuma a ganina sun fi daɗin nazari, domin shi ba hukunci yake yankewa ba, abin da idonsa ya gani yake adanawa. Cutar shanun da ta share garkunan ƙasar nan wajen 1890 sunanta Sannu, saboda gaisuwar jaje da ta cika bakin mutane, makiyayi ya gamu da makiyayi ba abin cewa sai ita. Yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce. Ta 1927 'Yar Buhu, don hatsin da aka ci a buhu ya zo daga nesa maimakon a ɗebo shi a rumbu. Ta wajen 1942 'Yar Gusau, don can aka riƙa zuwa awo. Maƙwabtanmu na Nijar suna kiran yunwar 1984 El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta yi, hatsin Nijeriya ya daina ƙetarawa. Duba yadda suna ɗaya ya riƙe shekara da dalili da wanda ake ganin alhakin na wuyansa, ba tare da an buɗe littafi ba. Kusan dukansu kuma mata ne, 'yar wance, 'yar wuri kaza, sai ka ce baƙuwa ce ta sauka a gida ta ƙi tafiya.

Kakata ta wajen uba ba ta san 1973 ba. In na tambaye ta sai ta ce, “Kai maigidan banza, shekarar da anka daina fam da sule, ruwa ya ɗauke, munka ci abin da ba a faɗi.” Lissafinta daidai yake, don a Janairun 1973 naira ta shigo, farin kuma yana tsakiyarsa. A bakinta na fara lura da wata 'yar kalma da ta fi kowace yawa a zancen tsanani, wato “ta”. Ta ɓaci. Ta kwaɓe. Ta dagule, ta rincaɓe, ta kacame, ta faru ta ƙare. Wace ce wannan ta? Ba lamari ba ne, ba al'amari ba, don su maza ne a nahawu. Ko duniya ce, ko magana, ko rana, ba mai faɗa, kuma ina jin da gangan ne. Bahaushe ba ya son kiran mugun abu da sunansa yana tsaye a ƙofa, kamar yadda yake ce wa maciji igiyar ƙasa da dare. Da aka buƙaci fassara dokar da gwamnati ke kafawa in al'amura sun fi ƙarfin dokokin yau da kullum, irin wadda aka sa a Jihar Yamma a 1962, da Filato a 2004, da Borno da Yobe da Adamawa a 2013, wani mai fassara da ban san sunansa ba ya ɗauko wannan jimla ta tsakar gida ya ce dokar ta-ɓaci. Ban san fassarar da ta fi ta dacewa ba a duk Hausar gwamnati.

Akwai kuma wadda nake alfahari da ita don tamu ce. Duk mai karanta labarai a Kano ko Kaduna yakan ce mutane sun shiga halin ƙaƙa-nika-yi, da yawansu ba su san jimla ce cikakkiya ta Hausar yamma ba. Ƙaƙa ni ka yi, wato yaya zan yi. Haka tsohuwa ke faɗa a Liba ko Maiyama in tuwo ya ƙare baƙi ba su ƙare ba. Daidaitacciyar Hausa ta ɗauki kukan mutum ɗaya ta daskarar da shi ya zama sunan hali. 'Yar uwarta ha'ula'i daga allo ta fito: malamai na cewa kalmar Larabci ce mai nufin waɗannan, daga ayar Suratun Nisa'i da ke siffanta masu jeka-ka-dawo tsakanin ƙungiya biyu, ba su nan ba su can. Tsaka mai wuya kuwa, duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a gulbin Zamfara cikin malka ya san ta, wurin da komawa da ƙarasawa duk tsawonsu ɗaya. Waɗannan su ne suka fi kusa da ma'anar likitocin Girka, lokacin da abu bai faɗi ba bai kuma tsaya ba, rai kwakwai mutu kwakwai.

A zamanin iyayenmu ma ba a daina raɗa suna ba. Tarzomar da ta biyo bayan dokar haɗe ƙasa ta Janar Ironsi a watan Mayun 1966 sunanta Araba, daga kiran da masu zanga-zanga ke yi cewa a raba. Amma tun da rediyo ya zama shi ke fara ba abu suna kafin waɗanda abin ya shafa su buɗe baki, sai kalmomin suka fara kankancewa. Rikicin siyasa, rikicin Boko Haram, rikicin manoma da makiyaya, rikicin masarauta, rikicin cikin gida na jam'iyya, duk awo ɗaya, kisan ɗaruruwan mutane da cacar baki kan kujera. Ga kuma iftila'i. Da ambaliyar 2020 ta kwanta a kan shinkafar fadamun Kabi, na ga gonakin da ruwa ya shanye a wajen Jega sai kan itatuwa ake hange, kowa na cewa iftila'i. Gaskiya ne, jarrabawa ce daga Allah, kalmar kuma tana sanyaya zuciya. Sai dai na lura takan rufe bakin mai tambaya, a daina cewa wa ya gina a hanyar ruwa, wa ya kamata ya yi gargaɗi da wuri.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce garkuwa. Garkuwa fatar da mayaƙi ke karewa da ita ce, har ta zama sarauta, a ce wane Garkuwan gari kaza, wato shi ne kariyarsa. Yin garkuwa da mutum asalinsa ka sa shi gabanka don kada a harbe ka. Yau yaron da aka haifa bayan 2010 in ya ji garkuwa ba ya tuna kariya, sai ɗaliban da aka kwashe daga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021. Tare da ita fansa ta dawo, kalmar zamanin bauta, kuɗin da dangi ke tarawa su karɓo nasu daga hannun wanda ya kama shi. Mun ɗauka ta tafi tare da kasuwar bayi, sai ga ta a bakin 'yan makarantar firamare.

Ba zan yi wa 'yan jarida rashin adalci ba. Wani abin da ke faruwa a dazukan Zamfara da gabashin Kabi da rikici na gaske ya fara, kan burtali da mashaya da ɓarnar gona da hukuncin da aka saye da kuɗi, kuma wanda ya ƙi faɗin haka ya ɓoye rabin tarihi. Mai karanta labarai kuma yana tsoron kalma mai nauyi, yana da dalili, don Kware da Satiru sun nuna abin da kalma mai nauyi ke iya yi in ta faɗa hannun mai takobi. Amma abin da ya fara da rikici ba dole ya ci gaba da zama rikici ba. Ranar da mutum ya ɗora haraji a kan ƙauyen da bai taɓa taka masa gona ba, ya ce ba mai noma sai ya biya, ranar sunan ya canza, malaman Gwandu na ƙarni na sha tara kuwa da sun san babin da za su buɗe masa. Muddin ana cewa rikici, za a ci gaba da kiran taron sulhu a zaunar da mai rumbu da wanda ya ƙona rumbun a tabarma ɗaya, a ce kowa ya yi haƙuri. An yi irin wannan sulhu a Zamfara fiye da sau ɗaya, ba kuwa wanda ya kai tsawon Lafiyar Toga.

Kafin motarmu ta cika na koma wurin dattijon na ba shi haƙuri, na ce, “To Baba, ku me kuke ce mata?” Ya ɗan yi shiru yana gyara ƙullin tabarmarsa. Ya ce a garinsu ba su ce mata komai, in an ji ƙarar babura sai dai a ce sun zo. Na tuna Sannu da Kakalaba da 'Yar Buhu duk bayan sun wuce ne waɗanda suka tsira suka zauna suka raɗa musu suna. Ɗaya daga cikin matan ta kwance bakin tukunyar ta ba ƙaramin yaron ruwa. Kwandasta ya buga motar yana kiran mutum ɗaya ya rage, na shiga, muka kama hanyar Maiyama, su suna nan zaune ba a zo ɗaukarsu ba tukuna.